Layukan da Alamar Kaso Ta Haɗiye

Bayan magariba kowa ya watse daga maɗaba'a, aka bar mai tsara shafuka ita kaɗai da littafin da za a buga da safe. Duk inda alamar kaso cikin ɗari ta fito, sai manhajar kwamfutarta ta haɗiye sauran layin.

"'Yata, danna maɓallin karkatacciyar sanda kafin alamar," in ji wani dattijo daga kujerar da ke bayanta.

Ba ta ji shigowarsa ba. Ta jawo jakarta jikinta, tana zargin ko mai maɗaba'ar ne ya turo shi ya gano gazawarta.

"Baba, wa ya aiko ka?"

"Ke dai gyara."

Ta sa sandar, layin ya dawo. Kujerar ta yi ƙara kamar yanzu aka ɗora mata nauyi. Ta gyara wani layin, sai ta fara jin numfashinsa da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ta ƙara gyara wani, inuwarsa ta fito a bango. Sai lokacin ta tuna ɗazu inuwarta kaɗai ke wurin.

Ta janye hannunta daga kan kwamfutar.

"Saura ɗaya," ya ce, dab da kunnenta.