Mai Riƙe da Fayil ɗin Keziya

Gab da magariba, ina shirin rufe shagona na gyaran kwamfuta a Sabon Gari, sai ga Keziya, ƙanwar matata, ta diro daga acaba tun daga Samaru. Washegari da safe za ta kare aikinta na kammala digiri a gaban malamai, kuma kaf aikin yana cikin kwamfutar da ta rungumo.

"Yaya Dominic, modul ɗina ya ƙi fita. Sai na cire shi zan iya saka wanda na gyara."

Ƙaramar manhaja ce ta rubuta, irin wadda ake cusawa cikin kanel, can zuciyar kwamfuta. Ita ke samar da wani fayil da ba ajiyayye ba, sai an buɗe shi abin cikinsa ke fitowa. Dokarsa guda ce. An buɗe fayil ɗin, ƙidaya ta ƙaru da ɗaya. An rufe, ta ragu. Ba a cire modul sai ƙidayar ta koma sifiri, kamar yadda ba a rushe ɗaki da mutum a ciki.

Ƙidayar tana kan ɗaya.

Na yanke intanet. Na rufe komai. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa. Ɗaya dai. Na binciki wanda ke riƙe da fayil ɗin, babu suna, babu lamba.

Janaretan maƙwabcina ya yi tari ya mutu. Wani wari ya cika shagon, irin na tsohuwar rijiya.

"Yaya, mu bari," ta raɗa mini. "Wani yana karantawa."

Ni da taurin kai! Shekara goma sha biyu ina sana'ar nan, lamba ɗaya tal za ta hana ni cin tuwo? Na rubuta umarnin cirewa ta ƙarfin tsiya, na tura mata kwamfutar.

"Danna. Ai aikinki ne."

Ta danna.

Modul ya fita. Fayil ɗin bai fita ba.

Allon ya yi baƙi ƙirin. Fankar ciki ta tsaya cak.

A bayanmu kujerar roba ta yi ƙara, kamar mai nauyi ya miƙe daga kanta.

Numfashi. A hankali. Mai sanyi.

Hannun Keziya na dama ya miƙe baya shi kaɗai.

"Yaya... ya riƙe ni."

"Yesu!" Na cafki ɗaya hannun na ja. Wallahi kamar ina jan buhun siminti. Na sake fizga, muka zube a bakin titi, cikin ƙarar mashina da hayaƙin tsire.

Kwamfutar ba ta ƙara tashi ba. Masu gyara uku sun gwada bayan ni. Keziya ba ta kare aikin ba, 'yan ajinsu har sun gama bautar ƙasa.

Tana gidanmu a Dogarawa. Tana ci, tana hira, wani lokaci har dariya. Amma da na ce ta shirya in mayar da ita makaranta, sai ta dubi wuyan hannunta.

"Ba yanzu ba, Yaya. Bai gama karantawa ba."

Ni na ce ta danna. Wannan ne ke cin raina kullum.