Tebur Na Shida A Ofishin Faransawa

Dab da magariba muka hau bene na uku a wata kasuwa a Sanyuanli, can ƙasar waje inda muka je sari, ni da Issa, abokin kasuwancina ɗan Maraɗi. Majigi muka saro, kuma Issa ba ya yarda a ɗaure kwali sai ya gwada kaya ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon ya bar mu a ɗakin ajiya, ya sauka shan sigari.

Majigi na tara ya kama da kansa, ban sa masa komai ba. Wani tsohon fim ne na Faransawa, baƙi da fari, babu magana. Akawuna ne a ofis suna ta shirme: wannan ya ɓarar da tawada a gemun shugaba, wancan ya zame da tulin takardu. Tebur shida, mutum biyar. Muka yi ta dariya.

Issa akwai shegen barkwanci. Ya matsa jikin bango ya tafa hannu. "Salamu alaikum, masu gida na nan?"

Duk biyar suka tsaya cak. Suka juyo.

Ɗakin ya ɗauki warin tawada da tsohuwar takarda. Rubutun Faransanci ya fito a bango, ni kuwa ba na jin Faransanci.

"Me suka ce?" na tambaye shi cikin raɗa.

"Wai in shigo, Hadi. Wai na makara."

Na fizge wayar wuta. Hoton ko gezau. Na kama Ayatul Kursiyyu, bakina na motsi, ban ji muryata ba. Har ƙarar motocin titi ta ɗauke.

Na cafki hannun Issa. Sanyi ƙalau.

Na ɗaga kai. Mutum shida a bango, na shidan Issa.

Shugaban ya dube ni, ya sa aka fara jawo wani tebur.

Jan Issa na yi a ƙasa har matakala, ina kuka kamar yaro.

Yau wata huɗu ke nan. Issa na ci, yana sha, ba ya magana, likitoci sun ce lafiyarsa lau. Kullum matarsa Raliya sai ta bugo waya.

Majigin na wurina. Duk magariba sai ya kama, in ga Issa a teburinsa ana sheƙa masa tawada a ka. Yakan juyo ya yi min magana da sauri, rubutu ya fito. Na kira mutanen Yamai uku masu jin Faransanci su karanta min. Farin bango kawai suke gani.