Tauraron da Auta Ta Sa wa Ƙofa

Kwanaki ke nan abin nan yana ci min rai, na rasa wanda zan faɗa wa. Ban yi zurfi a karatu ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Autata aikin kwamfuta take yi wa wani kamfani, daga ɗakinta. Yarinya ce mai taurin kai. Sai na gaji da kira kafin ta ce, "Mama, na ji, ni ba kurma ba ce." Kullum sai na yi mata gori: "Gara bango da ke, shi ko banza yana mayar da murya."

Ranar da abin ya faru na kai mata shayi dab da magariba, na tarar ta dafe kai. Ogansu ya kira ya zage ta tas, wai in ba ta gama aikin a ranar ba ta nemi wani wurin.

Na ce, "Wane aiki ne haka?"

Ta ce, "Mama, ki ɗauka wani ɗan gida ne a cikin kwamfutar nan, na gwaji, ba mai shiga daga waje. Na haɗa ma'aikata biyu a ciki, tsoho da sabo. Duk saƙon da ya zo, ni zan rubuta ƙofar da zai bi da wanda zai amsa. To rigima suke a kan ƙofofin."

"Sai ki raba musu."

"Ba lokaci. Tauraro zan sa wa sabon."

Ta nuna min ɗan layi a karkace da tauraro a gefensa. Wai ma'anarsa, duk wanda ya ƙwanƙwasa, kowace ƙofa ce, sabon ne zai amsa.

"Shi tsohon fa?"

"Yana nan da ransa, kira ne dai ba zai kai gare shi ba. Sai an kira shi da cikakken sunansa, harafi da harafi. Cikakken suna ya fi tauraro ƙarfi."

Na ce, "Auta, gidan da ke buɗe wa kowa ai kasuwa ne."

Ta yi dariya. "Kasuwar da ba kowa, Mama." Ta danna.

Fanka ta tsaya cak, alhali ba a ɗauke wuta ba. Wani wari ya taso, kamar gashi ya ƙone a cikin jiƙaƙƙiyar toka. Rubutu ya fara gudu a baƙin allon, layi bayan layi, ita kuwa hannunta na kan cinya.

Na ce a hankali, "Wa ke rubutawa?"

"Wani ne ke ƙwanƙwasawa." Muryarta ta shige ciki. "Lambar nan tana nufin daga cikin gida yake."

Sai muka ji shi. Ƙwas, ƙwas, a ƙofar ɗakin. Ƙofar a buɗe take, ba kowa a bakinta.

Ta fara karanto allon.

"Ɗakin Auta. An buɗe."

Katifa ta lotsa, kamar mutum ya zauna.

"Kujerar Auta. An buɗe."

Na ce, "Goge tauraron."

Ta miƙa hannu. Ya tsaya a sama, ya sandare.

"Bakin Auta," ta ce.

Na cafke wuyan hannunta. Sanyi ƙalau. Ta juyo a hankali, tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"An buɗe."

Yatsunta suka zagaye hannuna. Na fizge, kofin shayin ya tarwatse, na fita da rarrafe a kan fasassun gilashi. Har yanzu shatin yatsun yana nan.

Tun daga ranar ba ta ƙara ƙin amsa kira ba. Na kira Auta, ta ce na'am. Na kira yayarta a waya, sai Auta ta amsa daga ɗaki. Na kori kyanwa, Auta ta amsa. Rannan ina yi wa marigayi babansu addu'a, na ambace shi, sai na ji a bayan kunnena, "Na'am, uwargida."

Ogan nata ya ƙara mata matsayi. Maƙwabta sai yabon ladabinta suke.

Jiya tana tsefe min kai ta ce, "Ba ke kika ce gara bango ba? Ga shi kin samu mai amsawa. Waccan 'yar taki tana jin ki fa. Duk kiran da kika yi tana ji, ni dai nake riga ta."

Ta ja gashin har hawaye ya zubo min.

Na tuna maganar 'yata, cewa cikakken suna ya fi tauraro ƙarfi. Na buɗe baki zan kira ta da sunan da na raɗa mata, sai na ji babu shi. Tun tana goyo Auta nake ce mata, na bar sunan ya kwanta, yanzu an ɗauke shi. Na tambayi yayarta, ta faɗa, ina kallon leɓenta na motsi, amma shuuu kawai nake ji, kamar rediyon da ya rasa tasha. Na ce to ita yayar ta kira ta, harshenta ya ɗaure.

Kwamfutar tana nan a kunne, ko caji ba a sa mata. Wani abokin aikinta ya ce in kashe, duk abin da ke cikin ɗan gidan zai mutu. Ban tambaye shi ba ko har da tsohon.

Ku da kuka san aikin nan, don Allah ku faɗa min. In kashe kwamfutar? In nemi mai goge tauraron? Ko kuwa akwai wata ƙofar da uwa za ta bi ta kira 'yarta, in ta manta sunanta?