Allo Mai Faɗin Da Teye Ya Zaɓa

Wata Asabar da hantsi Maku ta fara ganinsa, a bakin kogi a garin Ada Foah. Dawowarta ke nan daga zagayawa da wasu baƙi, tana tsaye a kan allonta na ruwa, irin wanda ake tuƙawa a tsaye, da filafili a hannu, sai ta hango wani dogon saurayi yana ta miƙa kwalin magani ga mai kwalekwale, yana ɗage ƙafa kada ruwa ya taɓa shi.

Dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Bawan Allah, ruwan nan ba ya cizo fa!"

Ya waiwayo, ya ɗan daburce, ya ce, "Takalmina ne ba ya son wanka."

Sunansa Teye, a kantin magani yake aiki kusa da kasuwa. Kafin wata biyu ta raɗa masa Ɗan Tudu, shi kuma yana ce mata Agwagwa. Kullum la'asar in ta tashi daga aiki sai ya zauna a kan allon daga gaba, ya ɗaure rigar hana nutsewa tamau, ita tana tsaye a bayansa tana tuƙa su har gindin itatuwan cikin ruwa.

Sau ɗaya ta tambaye shi, "Ka dai iya ruwa ko?"

Ya ce, "Ɗan Ada kike yi wa wannan tambayar?"

Ba ta sake tambaya ba. Da safe saƙonsa ne ke tashinta: "Agwagwata, kin karya? Kar ki shiga ruwa da yunwa. Na ajiye miki koko a wurin mai tebur." Ita kuma ta mayar: "Ɗan Tuduna, yau kai za ka tuƙa. Na gaji da dako."

Mahaifinta, Papa Narh, tsohon masunci ne, kuma jininsu ya haɗu da Teye tun ranar da suka ci banku, tuwon masarar garin, da gasasshen kifi a kwano ɗaya. Matsalar daga Maa Korkor take, mahaifiyar Teye, mai sayar da gishiri. Ranar da aka kai Maku gaishe ta, ko kujera ba ta nuna mata ba. Ta ce wa ɗanta, "Mai wuni a kan ruwa? Ba a gidana ba." Ba ta faɗi dalili ba, Maku kuma ta ɗauka raini ne.

Ga kuma Kabu, abokin aikinta, wanda ya daɗe yana sonta. In ya gan su sai ya ɗaga murya: "Maku, wannan fasinjan naki yaushe zai miƙe tsaye? Ko sai an yaye shi?"

Maganar tana ci mata rai. Shi ya sa ta kawo shawarar su sayi allo na biyu, na su biyun, kowa ya riƙa tuƙa ɗaya suna jerawa. Teye ya kawar da kai, ya ce to.

Kabu ne ya kai su birnin Tema a motar wurin aikinsu. Suna shiga shagon sayar da allunan ruwa, idon Maku ya faɗa kan wani siririn allo, dogo, mai tsinin baki. Ta shafa shi ta ce, "Wannan in ya tashi kamar kibiya. Ni in hau shi, kai ka hau tsohon."

Teye yana can tsaye gaban wani shirgegen allo da ake hura wa iska, mai faɗi kamar katifa. Ya ce, "Ki duba wannan. Yana ɗaukar mutum biyu, ba ya tangaɗi. Tare za mu riƙa hawa."

"To ai muna da wanda muke hawa tare. Me ya kawo mu?"

"Wancan yana rawa, Agwagwa."

Mai shagon ya sa baki, ya ce masu iyali sun fi son mai faɗin, har yara ake ɗorawa. Kabu ya tuntsire da dariya. "Ka ji! Har da yara. A haɗa masa da matashin kai."

Kunya ta rufe Maku. Ta juya ta dubi Teye, a gaban mutane, ta ce, "Wata takwas ina tuƙa ka kamar buhun gishiri. Ni miji nake nema wanda zai tsaya da ƙafarsa. Uwarka ta ce kar ka aure ni, ka yi shiru. Na ce ka miƙe a kan allo, ka ƙi. Wai a ina kake tsayawa?"

Teye ya kalli Kabu, ya juya. Ya fita ya hau motar haya shi kaɗai. Ba a sayi komai ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Agwagwata, akwai abin da ban faɗa miki ba. Ki ba ni minti goma kacal." Ta karanta ta kife wayar. Washegari ya sake: "Laifina ne, na sani. Don Allah ki saurare ni." Sai ta rubuta masa: "Je ka faɗa wa mamarka."

Daga nan bai sake turo komai ba.

Wata goma sha huɗu suka yi a haka, a gari ɗaya. In za ta kasuwa sai ta bi ta bayan coci don kar ta wuce kantinsu. Ta fita da Kabu sau uku, ta tarar hirarsa ba ta wuce kansa, ta ce ya yi haƙuri. Papa Narh kuwa bai daina tambaya ba. "Ina yaron nan? Maku, mutum ya roƙi minti goma kin hana shi?" Ta ce za ta neme shi in an kwana biyu. Tana ta cewa haka har damina ta shigo, ciwon ƙirji ya kwantar da tsohon, cikin mako uku ya rasu.

Ranar jana'iza ta hango Teye yana jera kujeru, ya rame. Bai zo kusa ba.

Bayan mako guda, Maa Korkor da kanta ta yi sallama. Maku ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Tsohuwar ta kurɓa, ta ajiye kofin.

"'Yata, Teye bai iya ruwa ba."

Maku ta ɗago kai.

"Yana shekara huɗu kwalekwalen ubansa ya kife a inda kogi ya haɗu da teku, bai fito ba. Muna tsaye a gaɓa, ina riƙe da hannunsa. Tun ranar na hana shi taka ruwa. Duk yammar da ya hau allon nan naki, in ya dawo ba ya iya riƙe cokali don tsoro. Gobe kuma ya koma." Ta share ido da bakin zane. "Ba ke na ƙi ba. Kogin ne na ji tsoro ya ƙara ci mini mutum. To ga shi na raba ku, yaron yana nan a raye, amma ko dariyarsa na manta."

Maku ta tuna yadda yake ƙanƙame gefen allo in jirgi mai inji ya wuce, ita kuma tana masa dariya. Ta kifa kai a cinyar tsohuwar ta yi kukan da ko a jana'iza ba ta yi ba.

Ta sami Teye a kanti yana ƙirga ƙwayoyi a takarda. Ta tsaya ta ce, "Na zo ba ka minti gomanka."

Ya ajiye abin hannunsa. "Sun yi tsufa, Maku."

"Na sani. Me ya sa ba ka faɗa mini ba tun farko?"

"Ɗan Ada, ƙato, bai iya ruwa ba? Gani na yi ranar da kika sani kin tafi." Ya sunkuyar da kai. "Ƙarya na yi miki, ki yafe mini."

"Ni ce na tozarta ka a gaban mutane. Papa ya yi ta cewa in neme ka. Har ya tafi ban..." Hawaye suka zubo mata. Ya zagayo ya riƙe hannunta, suka tsaya a haka har wata mata ta gaji da jira ta buga tebur.

Ba su koma Tema ba sai da ta koya masa iyo a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, Maa Korkor na zaune a gaɓa tana addu'a tana zagin su duka biyun. Da suka koma shagon, Teye ya nufi siririn allon. Maku ta janye shi. Mai faɗin suka ɗauka.

A watan Disamba danginsa suka zo neman aure, aka ɗaura a cocin garinsu. Ƙanin Papa Narh ne ya miƙa hannunta. A wurin cin abinci ana ta kiɗa, Maku ta kasa kai lomar farko baki. Ta raɗa wa Teye, "Da na amsa saƙon nan, da Papa ne zai miƙa ni."

Teye bai ce mata ba haka ba ne. Ya dai matse hannunta.

Maa Korkor ta taso, ta dafa kansu su biyun, ta ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. In ɗayanku ya ji tsoro, ya faɗa tun da wuri. Ke kuma 'yata, ci abincinki. Babanki ya ga yaron nan, ya kuma yarda da shi tun kafin ni."

Jama'a suka amsa da amin. Maku ta share hawaye, ta kai lomar baki.