Ɗan Wane Abdulwahid?

"Wane Abdulwahid ɗin?" Inna ta tambaya, ludayin hannunta ya tsaya cak.

Ranar ce Shu'ibu ya fara shigowa gidanmu na Haɗejiya gaishe ta, a damanar 1974. Malamin firamare ne, watanmu bakwai muna son juna. Ni Zaituna Abdulwahid, shi Shu'ibu Abdulwahid. Dariya muke yi wa abin, yana cewa tun a suna Allah ya haɗa mu.

"Na Kirikasamma, Inna," in ji Shu'ibu, "dillalin shanu. Ban san shi ba. Kakata ce ta riƙe ni, ta rasu ina aji biyu. A rajistar makaranta na tsinci sunan."

Ludayin ya faɗi. Marigayi Babana ke nan!

"Aure biyu ya yi a can kafin ni," in ji Inna. "Ɗa ɗaya na sani, Bala. Amma namiji... wa ya san abin da ya baro?"

A zaure na tare shi.

"Shu'ibu, ka ce ƙarya ne!"

"Me zan ce, sanyin idona? Ni kaina..."

"Kar ka sake kirana haka! In kai yayana ne fa?"

Ranar na fara ganin hawayensa.

Kwana uku bayan nan muka kama hanyar Kirikasamma, har da Inna. Ruwa ya cinye hanya, sai a kwalekwale muka ƙarasa. Na zauna nesa da shi, amma satar kallonsa nake. Hancin nan na Baba ne? Kunnen fa? Yanzu in ga kama, an jima in rasa ta.

Limamin garin ya ce bai tuna ya raɗa wa wani Shu'ibu suna a gidan Baba ba. Na ji sanyi. Tsohon magatakardan dagaci kuwa ya rantse da idonsa ya ga Baba riƙe da hannun yaron yana cewa, "Ga ɗana."

Saura Gwaggo 'Yar'azumi, yayar Baba. Muka same ta tana juya kifi a kan banda. Ta ƙura wa Shu'ibu ido ta cikin hayaƙi, can ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ɗan Umara masunci! Kai ne ka yi wannan tsawo?"

"Umara?" muka haɗa baki.

"Wanda kogi ya ci kana ciki, uwarka ta bi shi wajen haihuwa. Shekarar da dagaci ya ce kowane gida ya ba da ɗa a sa boko, Abdulwahid ya ɓoye Balansa a rumbu, ya lallashi kakarka, ya kai ka da sunansa. Yau ga Bala can yana bin jelar shanu, wanda aka jefar ga shi da agogo!"

Inna ba ta yi dariya ba. "Yaya, nono fa? Ya sha na gidan?"

Duk muka zuba wa Gwaggo ido.

"Ina! Madarar akuya ta raine shi. Ni na ara musu akuyar, mai kunne ɗaya."

Na durƙushe ina kuka ina dariya. Shu'ibu kuwa kogi ya juya yana kallo.

"Shekara ashirin ina jin haushin uban da ya yar da ni," ya ce a hankali. "Ashe nawa yana nan, ban taɓa yi masa addu'a da sunansa ba."

"Za mu yi tare... sanyin idona," na ce. Karo na farko da bakina ya iya faɗa.

Bayan girbi aka ɗaura. Yaya Bala ne waliyyina. Da liman ya tambayi sunan ango, Shu'ibu bai bari wakilinsa ya amsa ba.

"Shu'ibu Umara."

Aka ce Yaya Bala ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Ka sha bulalar da aka tanadar mini," ya ce, idonsa jawur. "Ga ƙanwata, na ba ka."