Allon Bakin Kududdufi

A zamanin da, a wani gari, an yi wani mai zane da ba ya son komai kamar a ce masa, "Kai, ya yi kyau!"

A bayan garin akwai kududdufi mai zurfi, kowace damina sai ya ci yaro. Mai unguwa ya kira shi ya ce, "Malam, zana mana allon da zai hana yara zuwa wurin."

Mai zane ya zage, ya zana ruwa shuɗi da furen bado da agwagi. Kowa ya gani sai ya ce, "Kai, ya yi kyau!" Yara kuwa suka riƙa tururuwa zuwa kallo, har wata yarinya ta zame, da ƙyar aka ciro ta.

Kakarta ta same shi, ta ce, "Ɗan nan, allonka kiran yara yake yi."

Ya daɗe yana duban agwaginsa. Sannan ya shafe su da farar ƙasa, ya zana baƙin ruwa da hannun yaro yana nutsewa. Babu wanda ya ce ya yi kyau.

Washegari ya laɓe yana kallo. Wata yarinya ta zo da ƙanenta, ta ja shi baya, ta ce, "Mu tafi, wannan mummunan zane tsoro yake ba ni."

Mai zane ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi."