Maharbi Mai Bindiga Mai Sheƙi

A can wani ƙauye na bakin daji an yi wani maharbi mai son a yaba bindigarsa. Kowace safiya sai ya goge bayanta da man gyaɗa har ta riƙa sheƙi, amma bai taɓa zura tsumma a cikinta ba.

Matarsa takan ce, "Maigida, cikin fa?"

Shi kuwa sai ya ce, "Wa ke ganin ciki?"

Rani ya wuce yana goge baya, damina ta sauka yana goge baya.

Ran nan wata tsohuwa ta zo ƙofar gidansa tana haki. Ta ce, "Ɗana, taimake ni! Gadu ya shiga gonata yana tone mini rogo, kuma ba ni da wani abinci sai shi."

Maharbi ya ɗura albarushi, ya bi ta har gonar. Ya saita gadu, ya ja kunama, sai ƙyas, babu wuta. Ya sake ja, ƙyas. Gadu ya ɗago kai ya yo kansa. Maharbi ya yar da bindiga ya ɗare bishiyar kanya, yana kallo dabbar ta tone kunya bayan kunya, ta yi tafiyarta.

Washegari ya zauna a ƙofar gida da tsumma da dogon tsinke, tsatsa da dattin tsohon albarushi suna ta zubowa daga bakin bindigar. Tsohuwar ta zo wucewa da ɗan rogon da ya rage a kwando.

Ta ce, "Sannu da aiki, maharbi."

Ya amsa, amma ya kasa ɗaga kai.